Taƙaitaccen Tarihin Dokta George Cotzias (1918–1977), Likitan Masu Ciwon Makyarkyata

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kallon hoton shahararren ɗan damben nan Muhammad Ali a daren da ya kunna wutar gasar Olamfik a birnin Atlanta cikin 1996, da wuya ya manta da yadda hannunsa na hagu ya riƙa karkarwa, fuskarsa kuma ta tsaya cik kamar ba ta mutumin da ya saba cika duniya da baki ba. Abin da ke damunsa shi ne ciwon da likitoci ke kira cutar Parkinson, wadda aka tabbatar yana ɗauke da ita tun 1984, kuma ya rayu da ita har zuwa rasuwarsa a 2016. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutane fiye da miliyan 8.5 ne ke fama da wannan ciwo a faɗin duniya.

Har yau ɗin nan ba a sami maganin da zai warkar da cutar ba. To amma akwai wata ƙwaya da ke sa mutumin da ya kasa tashi daga kan kujera ya miƙe ya taka da ƙafarsa, ya ci abinci da hannunsa, ya ɓalle maɓallin rigarsa da kansa. Sunan ƙwayar lebodofa, kuma mutumin da ya nuna wa duniya yadda ake shan ta ta yi amfani shi ne Dokta George Cotzias. Mun saba a wannan mujalla tamu mu karanta tarihin sarakuna da malamai da mawaƙa. A wannan karo na ga ya dace mu leƙa ɗakin likita, mu gwada harshen da muke nazari mu ga yadda zai ɗauki irin wannan zance.

Haihuwarsa da Tasowarsa

An haifi George Cotzias ranar 16 ga watan Yuni, 1918, a garin Haniya da ke tsibirin Kirit na ƙasar Girka, amma a Atina, babban birnin ƙasar, ya tashi. Ɗan gidan mulki ne, domin mahaifinsa Konstantinos ya zama magajin garin Atina a 1934, daga baya kuma aka ba shi minista mai kula da babban birnin. Har gobe dandalin da ke gaban ofishin magajin garin sunan gidansu yake amsawa. Da George ya gama makarantar sakandare sai ya shiga Jami'ar Atina yana karatun likita, kuma ya yi nisa ƙwarai, saura ƙiris ya kammala, sai yaƙi ya ɓarke.

A watan Oktoba na 1940 sojojin Italiya suka auka wa Girka ta kan iyakar Albaniya. George ya ajiye littattafansa ya shiga soja da raɗin kansa. Girkawa sun yi abin a zo a gani wajen korar Italiyawa, to amma da Jamusawa suka kawo wa abokan ƙawancensu ɗauki sai labari ya sha bamban, suka shiga Atina a watan Afrilu na 1941. Dole ta sa iyalin suka bar ƙasar, suka isa birnin New York na Amurka a cikin wannan shekara a matsayin 'yan gudun hijira.

Karatunsa a Amurka

A Amurka saurayin ya tarar da wani sabon yaƙi, wato yaƙin harshe. Ya nemi shiga makarantun koyon aikin likita da dama domin ya ƙarasa karatunsa, suka riƙa mayar masa da takardunsa, kuma ɗaya daga cikin dalilan da suka bayar shi ne Turancinsa bai nuna ba. Ni da na koyi Hausa da girmana na san abin da ke cikin wannan hali, na mutum yana da magana a cikinsa amma harshen da zai fitar da ita yana yi masa gardama. A ƙarshe Jami'ar Harvard ta karɓe shi, kuma a 1943 ya fita da takardar shaidar likita tare da yabo na musamman.

Bayan ya sami horo a asibitocin birnin Boston, ciki har da sashen cututtukan jijiya, sai ya koma Cibiyar Rockefeller da ke New York, inda ya yi aiki a ƙarƙashin Donald Van Slyke, wanda yana cikin mutanen da suka koya wa likitoci auna sinadaran jini da ma'auni na ƙwarai. A nan Cotzias ya yi bincike a kan hawan jini da kuma yadda jiki ke sarrafa wasu sinadarai da jijiyoyi ke amfani da su. A 1953 ya bi sawun malaminsa zuwa Cibiyar Bincike ta Brookhaven da ke tsibirin Long Island. Wannan wuri an kafa shi ne domin binciken nukiliya, amma yana da ɗan ƙaramin asibiti inda ake iya kwantar da majinyaci makonni ko watanni ana lura da shi dare da rana. Kamar yadda za mu gani, wannan dama ce ta raba aikinsa da na waɗanda suka gabace shi.

Cutar da Halin da Ya Same Ta

Wani likitan Landan mai suna James Parkinson ne ya fara bayyana cutar dalla-dalla a 1817, bayan ya lura da mutum shida. Daga baya babban likitan jijiya na Faransa, Jean-Martin Charcot, ya laƙaba mata sunansa. Alamominta sanannu ne. Hannu yakan riƙa karkarwa yayin da yake ajiye, gaɓoɓi su sandare, motsi ya yi nauyi, taku ya gajarta har mutum ya riƙa jan ƙafa, murya ta yi ƙasa, rubutu ya ƙanƙance, fuska ta daina nuna fara'a ko ɓacin rai. Galibi takan fara ne da gefe ɗaya na jiki, kuma ta fi kama waɗanda suka haura shekara 60, ko da yake tana kama na ƙasa da haka.

Tushen matsalar yana can cikin ƙwaƙwalwa, a wani ɗan wuri mai baƙin launi inda ake da ƙwayoyin jijiya masu samar da sinadarin dofamin. Shi wannan sinadari ɗan aike ne, shi ke kai saƙo zuwa sashen da ke daidaita motsin jiki. Idan waɗannan ƙwayoyi suka riƙa mutuwa a hankali har yawancinsu suka tafi, sai saƙo ya daina isa yadda ya kamata. Mutum yana so ya ɗaga ƙafa, ƙarfin naman jikinsa na nan, amma umurnin ya maƙale a hanya.

Kusan shekara ɗari likitoci ba su da abin bayarwa sai magungunan da aka samo daga wasu tsirrai 'yan uwan zaƙami, waɗanda aka fara amfani da su tun zamanin Charcot. Suna rage karkarwa da dalalar miyau kaɗan, amma suna busar da baki, su dusashe gani, su rikita tunanin tsofaffi. Wajen 1949 aka fito da wata ƙwaya da aka harhaɗa a masana'anta mai irin wannan aiki, kuma ita ce dai wadda ake sayarwa a nan Najeriya da sunan Exol-5, wadda wasu matasa suka mayar kayan maye har hukumar NDLEA ke kama ta. In ban da waɗannan sai fiɗar ƙwaƙwalwa, wadda ke rage karkarwa amma ba ta yi wa nauyin jiki komai.

Haske ya fara bayyana a 1957, lokacin da Arvid Carlsson na ƙasar Suwidin ya ba dabbobin gwaji wani magani da ya sa suka yi laƙwas ba motsi, sa'an nan ya ba su sinadarin dofa suka farfaɗo. A 1960 Oleh Hornykiewicz da abokin aikinsa a birnin Biyana na Ostiriya suka auna ƙwaƙwalwar mamatan da suka yi fama da cutar, suka tarar dofamin ya ƙare a wurin da ya kamata ya yi yawa. A 1961 shi da Walther Birkmayer suka yi wa majinyata allurar dofa ta jijiya, 'yar kaɗan da ba ta wuce miligiram 150 ba, kuma suka ga waɗanda ke kwance sun tashi. Sai dai bayan 'yan sa'o'i komai ya koma yadda yake. Da aka yi ƙoƙarin ƙara yawan maganin sai amai da jiri suka hana. Wasu likitocin suka gwada ba su ga wani abin kirki ba, har ya zamana zuwa tsakiyar shekarun 1960 da yawa sun fitar da rai daga wannan hanya.

Daga Ramin Ma'adinai Zuwa Ƙwaƙwalwa

Shi Cotzias ta wata ƙofa dabam ya shigo. A Brookhaven babban aikinsa shi ne binciken manganis, wani ma'adini da jiki ke buƙatar ɗan mitsitsi daga cikinsa, wanda kuma ake samu a cikin hayaƙin da masu walda ke shaƙa. Wannan ya kai shi ga yin aiki tare da wani likitan ƙasar Chile mai suna Ismael Mena a kan mahaƙan manganis na can, waɗanda ƙurar ramin ke fara taɓa hankalinsu, daga baya jikinsu ya sandare kamar masu cutar Parkinson. Sun gano wani abin mamaki. Ma'aikatan da ke cikin ramin da lafiyarsu sun fi tara manganis a jiki a kan marasa lafiyan da suka daɗe da barin aikin. Ma'ana, ma'adinin yakan fita daga jiki amma ɓarnar da ya yi a ƙwaƙwalwa ta zauna, saboda haka wanke shi daga jini ba zai warkar da kowa ba. Dole a nemi abin da zai cike gurbin abin da ya lalace.

Cotzias ya lura cewa baƙin launin wancan wuri na ƙwaƙwalwa yana kodewa a jikin masu cutar Parkinson, sai ya yi zaton idan aka maido da launin za a sami sauƙi. Ya fara gwada wani sinadari mai ƙara baƙin fata. Fatar majinyatan ta yi duhu, karkarwarsu kuma ta ƙaru, sai ya dakatar da shi. Daga nan ya juya ga dofa, wanda daga gare shi jiki ke ƙera launin fata, daga gare shi kuma yake ƙera dofamin. Zatonsa game da launi bai tabbata ba, amma hanyar ta kai shi inda ake nema.

Gwajin 1967

Hausawa na cewa sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba, kuma wannan ce dabarar Cotzias baki ɗayanta. Ya kwantar da majinyata a asibitin Brookhaven, ya fara ba su maganin ta baki ɗan kaɗan, a rarrabe sau da yawa a yini. Bayan 'yan kwanaki sai ya ƙara kaɗan. Idan tashin zuciya ya taso sai ya tsaya ko ya ɗan ja baya, har jiki ya saba, sa'an nan ya sake ƙarawa. Da haka, cikin makonni, ya kai wasu har giram 16 a yini, wato fiye da ninki ɗari na abin da aka yi wa mutane allura a Biyana.

A 1967 shi da Melvin Van Woert da Lewis Schiffer suka buga sakamakon a mujallar likitoci ta New England. Daga cikin majinyata 16, mutum 8 sun sami sauƙi mai yawa, kuma sauƙin ya ɗore muddin suna shan maganin. Waɗanda sai an ɗaga su suka riƙa miƙewa da kansu, waɗanda muryarsu ta shige suka yi magana aka ji. Ya ɗauki majigin majinyatan kafin magani da bayansa yana nuna wa likitoci a wurin taro, domin da yawa ba su gaskata ba sai da suka gani da idonsu.

Amma an sami cikas, domin fararen ƙwayoyin jinin wasu daga cikin majinyatan sun ragu, alhali su ne sojojin da ke kare jiki daga cuta. Shi sinadarin dofa iri biyu ne masu kama da juna kamar hannun dama da na hagu, kuma wanda aka fara amfani da shi gauraye ne na duka biyun, saboda ya fi araha. Na hagun ne kaɗai jiki ke mayarwa dofamin, shi ne ake kira lebodofa. Da Cotzias ya koma amfani da shi zalla sai matsalar jinin ta kau, kuma rabin adadin farko ya wadatar. A 1969 shi da Paul Papavasiliou da Rosemary Gellene suka buga rahoto na biyu a kan mutum 28, inda ba a wuce giram 8 a yini ba. A wannan shekara Melvin Yahr da abokan aikinsa a New York suka tabbatar da sakamakon ta hanyar gwajin da likita da majinyaci duk ba su san wa ke shan maganin gaske ba. A 1970 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince a sayar da lebodofa.

Yadda Maganin Yake Aiki a Jiki

Mai karatu zai iya tambaya, tunda dofamin ne ya ƙare, me ya hana a ba mutum dofamin ɗin kai tsaye? Amsar ita ce ƙwaƙwalwa tana da shinge tsakaninta da jini, wanda ke tace abin da zai shiga, kuma dofamin ba ya ƙetare shi. Lebodofa kuwa yana da ƙofar da yake bi. Idan ya shiga, sai ragowar ƙwayoyin jijiyar da ba su mutu ba su mayar da shi dofamin.

Matsalar ita ce hanji da hanta da sauran sassan jiki su ma sun iya wannan juyi. Idan aka sha lebodofa shi kaɗai, kusan dukkansa yakan zama dofamin tun kafin ya kai ƙwaƙwalwa, abin da ke isa can bai taka kara ya karya ba. Wannan dofamin da ya tsaya a jini shi ke tayar da zuciya, ya sa amai, ya sa bugun ƙirji, ya saukar da jini idan mutum ya miƙe tsaye har ya ga jiri. Shi ya sa aka haɗa shi da wani magani mai suna kabidofa, wanda ke hana juyin a jiki amma shi kansa ba ya shiga ƙwaƙwalwa. Tamkar ɗan rakiya ne da ke tsare kaya a hanya har bakin ƙofa, sa'an nan ya tsaya a waje. Cotzias da mutanensa suna cikin waɗanda suka gwada wannan haɗi, suka buga sakamakonsa a 1972. Da shi aka rage yawan lebodofa da kusan kashi uku cikin huɗu, amai kuma ya ragu ƙwarai. A 1975 aka fara sayar da haɗin a Amurka da sunan Sinemet.

Wani abin da Cotzias da Mena suka nuna a 1975 shi ne abinci yana da hannu a ciki. Ƙofar da lebodofa ke bi a hanji da kuma a shingen ƙwaƙwalwa ita ce dai ƙofar da sinadaran gina jiki na cikin nama da kifi da ƙwai da wake da nono ke bi. Idan suka taru sai a yi cunkoso, maganin ya rasa hanya. Saboda haka wanda cutarsa ta yi nisa, in ya sha ƙwayarsa a kan tsire ko ƙosai ko fura da nono, yana iya ganin kamar bai sha ba. Shi ya sa likitoci kan shawarci irin waɗannan majinyata su sha magani kamar rabin sa'a kafin cin abinci, ba tare da sun daina cin abincin mai gina jiki ba.

Illolin da Suka Biyo Baya

Cotzias bai ɓoye laifin maganinsa ba. Tun a rahotannin farko ya bayyana cewa wasu majinyata sun fara wani irin motsi da ba su suka sa kansu ba, kamar murguɗa baki, da kaɗa kai, da lanƙwasa kafaɗa da ƙafa. Wannan ya bambanta da karkarwar cutar, domin yakan zo ne daidai lokacin da maganin ya yi yawa a jini. Dalilinsa shi ne lebodofa ba ya daɗewa a jini, cikin kamar sa'a ɗaya da rabi rabinsa ya tafi. A farkon cuta ƙwayoyin jijiyar da suka rage sukan adana dofamin su riƙa sakinsa a hankali, kamar randar da ke riƙe ruwa. Idan shekaru suka tafi ƙwayoyin suka ƙara mutuwa, sai randar ta zama kwando. Mutum ya sha magani ya sami ambaliya, bayan sa'o'i kaɗan kuma ya koma fari, jikinsa ya sandare kafin lokacin ƙwaya ta gaba ya yi.

Ban da wannan, wasu, musamman tsofaffi, sukan riƙa ganin abubuwan da babu su, ko su rikice, ko barci ya riƙa kwashe su da rana. Fitsari da gumi suna iya yin duhu, wanda shi ba abin tsoro ba ne. Abin da ke da haɗari shi ne a daina maganin farat ɗaya, domin jiki na iya sandarewa da zazzaɓi mai zafi har rai ya salwanta. Likitan nan Oliver Sacks, wanda ya ba wasu majinyata da suka shafe shekaru aru-aru a sandare wannan magani a 1969 bayan ya ga aikin Cotzias, ya rubuta littafi a 1973 a kan farfaɗowarsu da kuma wahalhalun da suka biyo baya, aka kuma mayar da shi fim a 1990.

An daɗe ana zaton tsawon shan maganin ne ke jawo waɗannan illoli, har wasu likitoci suka riƙa jinkirta ba da shi. Amsar ta fito ne daga nan Afirka ta Yamma. A 2014 Roberto Cilia da abokan aikinsa suka kwatanta majinyatan Gana, waɗanda suka yi shekaru da cutar kafin su sami magani, da na Italiya waɗanda suka fara da wuri. Suka tarar daɗewar cutar da yawan abin da ake sha a yini su ne ke kawo illolin, jinkirta farawa bai kare kowa ba.

Girmamawa da Rasuwarsa

A 1969 aka ba Cotzias lambar yabo ta Lasker, wadda tana cikin manyan lambobin aikin likita a Amurka. Bai zauna a kan wannan ba, ya ci gaba da neman magungunan da za su yi aikin dofamin kai tsaye ba sai jiki ya juya su ba, inda ya gwada afomofin a 1970, kuma har yanzu ana amfani da irin waɗannan magunguna. A 1975 ya koma birnin New York da aiki, a Jami'ar Cornell da Cibiyar Sloan-Kettering. A lokacin yana fama da ciwon dajin huhu, wanda ya zama ajalinsa ranar 13 ga watan Yuni, 1977, saura kwana uku ya cika shekara 59. Lokacin da aka ba Arvid Carlsson lambar Nobel a 2000 saboda aikinsa a kan dofamin, Cotzias ya shekara 23 a ƙasa, ita kuwa wannan lamba ba a ba mamaci.

Mu Kuma Ina Muka Tsaya?

Akwai lokacin da ake cewa wannan ciwon Turawa ne. Farfesa Benjamin Osuntokun na Ibadan ya rubuta a kan 'yan Najeriya masu shi tun shekarun 1970, likitocin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano su ma sun buga rahoton waɗanda suka gani a Kano a 2012. Cutar tana nan a cikinmu, ganewa ce ta yi ƙaranci. A Durumi inda nake zaune na tambayi dattawan Hausawa da nake koyon magana a wurinsu yadda ake kiran wannan ciwo. Wani ya ce makyarkyata, wani ya ce rawar jiki, wani ya ce ai tsufa ne kawai, wata tsohuwa kuma ta ce jifa ne ko taɓin iska. Kowace amsa tana da inda take kai marar lafiya. Wanda aka ce tsufa ne sai a shimfiɗa masa tabarma a bar shi, wanda aka ce jifa ne sai a nufi gidan mai magani da shi, kuma duk cikinsu babu hanyar da ta bi ta wurin likitan jijiya, alhali daga Durumi zuwa Babban Asibitin Ƙasa ba wata tafiya ba ce.

Wanda ya dace ya ga likita kuma sai ya tarar da zancen kuɗi. Haɗin lebodofa da kabidofa yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, amma binciken da Farfesa Njideka Okubadejo ta Jami'ar Legas da abokan aikinta suka buga a 2019 ya nuna an fi samun sa a kantunan magani masu zaman kansu a kan na gwamnati, kuma kuɗinsa ya fi ƙarfin ƙaramin ma'aikaci. Ga shi magani ne na kullum har ƙarshen rayuwa. Mai saye yau ya rasa gobe yana jefa kansa cikin haɗarin nan na dainawa farat ɗaya.

Wani abin ban sha'awa shi ne sinadarin yana tsirowa a dajinmu. A 1913 Markus Guggenheim ya tace lebodofa daga waken nan da Larabawa ke kira ful, ya haɗiyi giram biyu da rabi don gwaji, ya yi ta sheƙa amai. A 1937 masana a Indiya suka same shi a cikin 'ya'yan karara, wato tsiron nan mai yaɗo da ƙaiƙayin kwansonsa ke hana mutum sakat. Kimanin kashi 4 zuwa 6 cikin ɗari na ƙwayar karara lebodofa ne, kuma masana suna gwada garinta a matsayin mafita ga ƙasashe matalauta. Amma kada wani ya karanta wannan ya nufi daji da kwando. Ƙarfin ƙwayar ya bambanta daga tsiro zuwa tsiro, babu kabidofa a cikinta, kuma a ƙasar Mozambik an taɓa samun mutane da yawa da hankalinsu ya gushe bayan sun ci ta a lokacin yunwa. Darasin Cotzias kansa shi ne amfanin wannan sinadari da cutarwarsa duk a ma'auni suke, ma'aunin kuma aikin likita ne.

Kammalawa

George Cotzias bai ƙirƙiro lebodofa ba, kuma ba shi ya fara ba majinyaci shi ba. Abin da ya kawo shi ne haƙurin ƙara magani kaɗan-kaɗan na tsawon makonni a lokacin da wasu suka gaji suka bari, da kuma gaskiyar faɗin illolinsa tare da amfaninsa. Fiye da shekara 50 bayan gwajinsa, wannan ƙwaya ita ce dai kan gaba wajen kula da masu cutar.

Mu ɗaliban harshe muna da namu rabon aikin. Majinyacin da ba ya jin Turanci yana buƙatar a gaya masa da Hausa cewa ciwonsa yana da suna, ba ya yaɗuwa, ba kuma wani ne ya yi masa ba. Yana buƙatar ya fahimci dalilin shan ƙwaya a kan lokaci, da dalilin raba ta da kwanon nama, da haɗarin ajiye ta ba da sanin likita ba. Ranar 11 ga Afrilu ta kowace shekara, wato ranar haihuwar James Parkinson, ita aka keɓe domin tunawa da masu wannan ciwo a duniya. Ina ba ƙungiyarmu shawara kafin ta zagayo mu zauna da malamanmu da wani likitan jijiya, mu tsayar da suna guda na Hausa ga cutar, mu kuma fassara bayanin shan maganin a takarda ɗaya da za a iya karanta wa tsoho ya gane. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.